Fuskar da Fensir Ya Kasa Zanawa

Tun da na auri mutumin nan nake wanke aljihunsa, kuma har yau bai taɓa fita fes ba. Aljihun dama na kowace riga tasa baƙi ne ƙirin, kamar an soya wani abu a ciki ya ƙone. A nan yake aikinsa. Shi ne mai zanen barkwanci na shafin ƙarshe a mujallar nan ta manyan gari, wadda ake cikawa da hotunan liyafa da buɗe kamfanoni da wance ta sa kaza. A ofis Fensir suke ce masa. Ni Malam nake ce masa in muna shiri, in ba ma shiri kuma ba na kiransa komai.

Ga yadda yake yi. A gayyace shi liyafa, ya je ya raɓe jikin bango, kofin lemo a hannun hagu, hannun dama a aljihu. A cikin aljihun akwai 'yan katuna da guntun fensir wanda bai kai ɗan yatsa tsawo ba. Ba ya kallon takardar. Mutumin yake kallo, hannun yana can ciki yana aikinsa a makance. Ba ya zane daga hoto ko mota za ka ba shi. Cewa yake mutum in ya san ana kallonsa ba shi ba ne, wakili ya turo. Jira yake sai ka manta da kanka, ka sosa ƙeya, ka leƙa farantin na kusa da kai, ka duba haƙoranka a bayan cokali. Kowane ɗan Adam, in ji shi, yana da abu ɗaya wanda in ka kama shi ka kama mutumin, sauran duk ciko ne. Washegari sai ya zube katunan a tebur, ya ƙara wa abu ɗayan nan girma, ya rage sauran.

Abin dariyar, shi ma yana da nasa abu ɗayan, kuma duk gari an sani sai shi. Da zarar fensirin ya kama gudu, harshensa zai leƙo ta gefen baki na hagu, ɗan kaɗan, kamar na kyanwar da ta yi barci ta manta da shi a waje. Manyan gari sun daɗe da ganowa. In ka ga Fensir ya fuskance ka harshe a waje, to ka shiga fitowa ta gaba, nan take sai ka ga babban mutum ya haɗiye tumbi ya gyara zama. Ba wanda ya gaya masa, don wa zai lalata abin da ke yi masa gargaɗi? Ni kuma ina da nawa dalilin. Da harshen nan na fara ganinsa, a tashar bas, yana zana ni a aljihu, yana zaton shi gwanin ɓoyo ne. Na san halinsa da kunya. Tsorona, ranar da ya sani ya daina.

Mijina auta ne, kuma yayansa ne ya rene shi bayan rasuwar iyayensu. Yaya ya saya masa fensir na farko, Yaya ya kai shi makaranta, Yaya ya yi masa faɗan duniya. Daga baya Yaya ya zama babban alƙali, irin waɗanda in sun shigo ɗaki kowa ke gyara murya. A liyafar da aka yi masa ta barin aiki, Editar mujallarsu ta ce lallai a zana shi. Malam ya zana shi a babban tebur, fuska a murtuke, ƙirji cike da lambobin yabo. Amma a ƙarƙashin teburin ya cire takalmi ɗaya, yana sosa idon sawu da babban yatsa. Haka Yaya yake yi tun da ya karye a ƙafar nan suna yara, takalmi matsa masa yake. Ba wanda ya ga haka a wurin liyafar, ƙyallen tebur ya rufe har ƙasa. Malam ma ba gani ya yi ba, sani ya yi.

Gari ya yi dariya har da hawaye. Yaya bai yi ba. Magana ɗaya ya aiko da ita, ya ce a gaya wa Auta abin da ya gani a bainar jama'a nasa ne ya zana, amma abin da ya gani a cikin gida ba na sayarwa ba ne. Daga nan ya rufe ƙofarsa. Fiye da shekara goma, ko a zaman makoki suka haɗu sai dai a gaisa da ka. Ni dai ban ɓoye ra'ayina ba, zanen ya yi kyau, kuma shi kaɗai ne hoton Yaya da na taɓa gani na ji ina son mutumin. Amma Malam ya rantse ba zai sake ɗora fensir a kan yayansa ba. Ya ci gaba da zana kowa da kowa, sai dai in an ambaci Yaya ya tashi ya je yana fiƙe fensiran da suke a fiƙe.

Wata safiya ina shanya sai ga 'yar Yaya ta fari, wadda muke kira Lauya tun tana ƙarama saboda tsabar gardama. Ranar ba gardama a fuskarta. Ta gaishe ni, ta ce, "Anti, Baffa na nan?"

Yana nan, a teburinsa, da katunan daren jiya a gabansa. Ta zauna a bakin kujera ta riƙe jakarta da hannu biyu.

"Baffa, Baba ya fara mantuwa," ta ce. "Ba irin ta ina na ajiye tabarau ba. Shekaranjiya na kai masa shayi ya ce da ni, baiwar Allah, wa kike nema?"

Likita ya ce su manna masa hotunan 'yan gida a bango da sunaye a ƙasa. Sun manna. Kallonsu yake kamar kalandar shago. Amma ranar da ta kai shi asibiti, a ɗakin jira, ya ɗauki wata tsohuwar mujalla a kan tebur, ya buɗe shafin ƙarshe, ya fara nuni da yatsa. Wannan shugaban 'yan kasuwa ne, ji wuya. Wannan matar mai bankin nan ce, har yanzu tana magana da awarwaro. Ya bi su kaf, bai kuskure ko ɗaya ba.

"Mutanen da bai gani ba shekara da shekaru, Baffa. Ni da na tuƙo shi bai san ni ba." Ta share hanci. "Ka zo ka zana mu."

Malam ya daɗe yana juya fensir. "Ya san ni kika zo kira?"

"Ko ni bai sani ba, Baffa."

Muka tafi tare, don ba zan bar shi ya shiga gidan nan shi kaɗai ba. Falon yana nan yadda na san shi, manyan kujeru masu nutsewa, littattafan shari'a jere har rufi, agogon bango mai faɗin rai. Yaya ne ya canza. Yana zaune a kujerarsa bakin taga, ya ƙanƙance, rigar ta yi masa yawa, amma takalmansa biyu a ƙafa, an goge su suna sheƙi. Ya ɗago ya dubi ƙanensa tun daga sanƙo har ƙasa.

"Kai ne mai gyaran fanka?" ya ce. "Tun jiya take ƙara."

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Malam.

Ya je ya tsaya ƙarƙashin fankar yana kallonta, mutumin da ko ƙwan fitila ni nake canzawa a gidanmu. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kowa a ɗakin.

Ya yi aikin da aka kira shi. Ya riƙa zuwa yana raɓewa a kicin da baranda, hannu a aljihu. Ya kama Lauya da girarta ta dama, wadda ke tashi sama tun kafin ka gama magana. Ya kama matar Yaya, da muke ce wa Mama, da damin makullanta, waɗanda take nuna mutum da su in tana ba da umarni. Ya kama direban gidan yana tsaye da ƙafa ɗaya, ɗayar a jingine da taya. Duk wannan a bayan idon Yaya yake yi. A gabansa kuwa hannun nan ba ya zuwa ko kusa da aljihu, harɗe su yake a ƙirji kamar wanda aka kawo gaban shari'a.

Ranar da aka cire hotuna aka manna zanen, muna tsaye cirko-cirko. Yaya ya ƙura wa na farko ido, sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Wannan ai mai gardamar nan ce," ya ce.

"Ni ba na gardama," in ji Lauya, girar ta tashi.

Ya juyo ya dube ta, ya dubi bango, ya sake dubanta. "Ke, yaushe kika zo? Ba sallama?"

Ta ce yanzun nan, ta fita da sauri, muka ji ta buɗe famfo a kicin don kada a ji kukanta. Ya gane Mama, ya ce makullan sun yi kaɗan. Ya gane direba. Sannan ya bi bangon da ido daga farko har ƙarshe, ya sake bi, fuskarsa ta canza.

"Ina Auta? Ba a sa Auta ba."

Malam yana tsaye gefensa da salatif a hannu.

"Yaron nan ba ya zuwa," in ji Yaya, yana gaya wa mai gyaran fanka. "Ko ya ci abinci, oho."

Haka Malam ya dawo gida ya cire madubina daga bango ba ko neman izini, ya jingine shi a teburinsa. Mutumin da ya zana rabin gari bai taɓa zana kansa ba. Na leƙa ta ƙofa na gan shi zaune ƙiƙam, baki a rufe gam, haɓa a sama, kamar mai jiran hoton fasfo. Ya kalli madubi ya haddace, ya ja layi biyu a ɗarare, ya sake kallo. Ya ƙara wa hanci girma ya kai. Yaya ya ce, "Wane ne wannan?" Ya dawo ya faɗaɗa sanƙo ya kai. Yaya ya ce, "Mai gyaran fanka, ɗan'uwanka ne?" Ya gwada tabarau, ya gwada kunnuwa, ya gwada wuya. Kwandon shara ya cika da kawunan mijina, ba ko ɗaya da zan gane in na haɗu da shi a hanya.

Ciwon kuma ba jira yake ba. Lauya ta bugo ta ce direba ya ɓace wa Baba, ko da zanen, yanzu cewa yake a kori mutumin nan mai ƙafa ɗaya. Malam ya ajiye wayar ya ce da ni, "In ya tafi yana tambayar ina Auta, ina tsaye a gabansa, ban san yadda zan yi da raina ba." Ban taɓa jin ya faɗi abu a fili haka ba.

Makon nan bai miƙa shafinsa ba, abin da bai taɓa yi ba ko yana zazzaɓi. Edita ta kira ni. Ofishin mujallar yana saman maɗaba'a, bene mai warin tawada, in injin ya tashi a ƙasa kofunan shayi rawa suke a kan tebur. Na tarar da Malam yana bin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman bashi.

"Don Allah ka dube ni da kyau," yake ce wa Mai Hoto. "Mene ne nawa? In za ka kwatanta ni ga wanda bai san ni ba, me za ka ce?"

"Sanƙo," in ji Mai Hoto, yana kallon silin.

Edita, 'yar gajeruwar mata mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, ta ja ni gefe. "Ki gaya masa mana. Mu mun yi shiru ne don kada a rasa abin dariya a ofis, amma abin ya wuce nan."

Na ce mata in na gaya masa, madubi zai koma ya zaro harshe kamar yaro a gaban likita, ya zana wannan, ya kai wa Yaya wani dodon. Bayan haka kuma ya ɗinke bakinsa har abada. A kan matakalar benen, ina saukowa, abin ya faɗo mini. Su Lauya sun buƙaci takarda. Shi Malam kuwa ba ya buƙatar takarda a bango, abin yana bakinsa, shi ne dai ya hana Yaya gani.

Da muka koma gida na ɗauke madubina na mayar inda yake.

"Kai ne kake cika mana kunne da cewa ba a zana wanda ya san ana kallonsa," na ce. "To wa ya kai mai duba madubi sanin ana kallonsa? Wakilinka kake ta zanawa kana kai wa bawan Allah."

"To yaya zan yi? In fita daga jikina in raɓe a bango?"

"Gobe Yaya za ka zana. A gabansa, takarda a kan gwiwa, ba a aljihu ba."

"Kin san na rantse."

"Wanda ka yi rantsuwar dominsa nemanka yake, kai kana riƙe da rantsuwa."

"Me zanen Yaya zai yi? Ai ba kansa ya manta ba, ni ya manta."

"Ka taɓa ganin na sa ka abu ka yi asara?"

"Labulen falo," ya ce.

Ya yi fushi, ya ƙi cin abinci, ya fiƙe fensir har ya kusa ƙarewa. Da safe na same shi ya riga ni shiryawa.

Yaya yana bakin tagarsa, rana ta ɗan taɓa gwiwarsa. Mama da Lauya suna tsaye a ƙofar falo, don na gaya musu su zo su gani, ban dai ce me ba. Malam ya jawo 'yar ƙaramar kujera ya zauna, ya ɗora allon zane a gwiwa. Bakin a rufe kamar an sa kwaɗo. Yaya ya hararo shi ya ce fankar tana can sama, ba a ƙasa take ba. Na ce a raina shi ke nan, na jawo mutum na kunyata shi a banza.

Sai wasu tsuntsaye suka sauka a kan katanga suna faɗa a kan ɓawon burodi. Yaya ya juya yana kallonsu, ya manta da baƙo, ya manta da kansa, leɓensa na ƙasa ya ɗan saki, girarsa ta haɗe kamar zai yanke musu hukunci. Na ga idon Malam ya kama. Fensir ya fara tafiya, a hankali, sannan da gudu, ana jin ƙararsa a kan takarda. Harshen ya leƙo.

Tsuntsayen suka tashi. Yaya ya juyo. Ya ƙura wa harshen ido.

"Auta," ya ce.

Fensir ya tsaya.

"Mayar da harshen nan ciki. Sau nawa zan gaya maka? Wata rana sai ka cije shi."

Malam ya buɗe baki, ya rufe, hawaye na bin gefen hancinsa. Abin da ya iya cewa kawai, "Wane harshe, Yaya?"

Lauya ta fashe da dariya tana kuka, Mama ta toshe baki da makullai. Yaya bai kula mu ba.

"Ina ka shiga?"

"Ina nan, Yaya."

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kake. Ji wuyanka." Ya ɗaga murya wajen Mama. "A ba yaron nan abinci." Sannan ya miƙa hannu. "Mu ga abin da kake ɓata takarda a kai."

Malam ya miƙa masa kamar mai miƙa wuyansa. Zane ne mai ladabi, tsoho a bakin taga, ba tsokana ko ɗaya, takalma biyu a ƙafa. Yaya ya nisanta shi da ido, ya kusanto, ya girgiza kai.

"Bai yi ba," ya ce. "Wannan wani ne. Ka bar abu."

Ya sa dunduniya ya zame takalmin hagu, ya ture shi gefe, ya ɗaga babban yatsa ya fara sosa idon sawu, yana lumshe ido don daɗi.

"To, yanzu zana."

Ko ya tuna da mujallar ne ya yafe, ko kuwa ya manta da ita ne gaba ɗaya, ban sani ba, kuma ban damu in sani ba. Malam ya zana. Bai kai wa Edita ba, ko da ta roƙa har da cire tabarau biyun. Zanen yana manne a bangon Yaya, kusa da na Lauya.

A hanyar gida, a cikin bas, ya taɓa gefen bakinsa na hagu. Can ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun tashar da ka fara ganina."

"Wa da wa suka sani?"

"Har masu raba lemo a wurin liyafa."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Na ce to, abin da nake tsoro ya zo. A liyafar da ta biyo baya na bi shi takanas don in gani. Ya raɓe jikin bango ya matse baki kamar mai riƙe da allura, ya daure, ya daure, har wani mai kamfanin siminti ya fara sakace da katin gayyata. Harshen ya fito abinsa, mai siminti ya haɗiye tumbi, ni kuma na sha lemona da kwanciyar hankali.

Yanzu duk mako muna zuwa gidan Yaya. Ciwon yana nan, ba ƙarya zan yi ba, wasu ranakun in mun shiga har yanzu mai gyaran fanka ne. Malam ba ya damuwa. Ya ce ranka ya daɗe, ya jawo 'yar kujerarsa, ya ɗora allo a gwiwa, mu kuma mu tsaya a ƙofa muna jira. Mama ba ta ma jira. Da ta ji fensir ya kama gudu, sai ta wuce kicin ta ɗauko faranti.